Sunan Pak Din a Shafin Godiya

Ranar ɗaurin auren Jidda ina zaune a ƙofar gida na ji Sadiƙu yana ba abokansa labarina. Wai mahaifinsu ne mutumin da wani kamfani a Malesiya ya yi wa tayin aiki da gida da mota, ya dube su ya ce shi gaskiya ya zo nema. Abokan suka yi ta jinjina kai, ni kuma na sunkuyar da nawa ina jan carbi kamar ban ji ba. Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, sai dai motar nan ban san inda ya samo ta ba, don babu wanda ya taɓa yi mini zancen mota. Abin da ya dame ni shi ne labarin ya yi mini kyau fiye da yadda na cancanta. A shekarar nan akwai mutumin da abincinsa ya kasance a hannuna, na yi masa alkawarin zan rufa masa asiri, kuma ban rufa ba. Sunansa Pak Din. Ina so ku san shi, ku 'ya'yana biyu, Jidda da Sadiƙu, kafin ku ci gaba da rabon wannan labari a wuraren biki.

Da furfura a gemuna na je Kuala Lumpur. Na daɗe ina koyar da tsarin sufuri a kwalejin kimiyya da fasaha, har ɗalibaina suka fara dawowa da digiri na uku suna zama shugabannina, sannan tallafin karatu na gwamnati ya zagayo kaina. Muka kama gida a unguwar Cheras, hawa na goma sha ɗaya a wani dogon bene da ke kallon kasuwa, ni da mahaifiyarku da ku. Ku kuka riga mu zama 'yan gari. Kafin shekara ta zagayo, in na yi muku magana da Hausa sai amsa ta dawo mini da Turanci, an liƙa mata "lah" ɗin nan ta 'yan Malesiya a wutsiya. Mahaifiyarku kuwa ta gano inda ake sayar da kuɓewa da garin masara da busasshen kifi, duk ranar Asabar gidan sai ya cika da ɗaliban Najeriya masu zuwa gaisuwa daidai lokacin da ake kwashe tuwo.

Ni mutum ne mai zargi, wannan ba sai an faɗa muku ba. A wurin kakanku na gaje shi. Direban bas ne, ya shafe rayuwarsa yana jigila tsakanin Bata da Kabuga a Kano, ni kuma duk hutun makaranta ni ne kwandastansa. In makanike ya ce masa an gyara birki, sai ya ce madalla, sannan ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar ya duba da idonsa. Haka na tashi. Mahaifiyarku takan ce ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa gindin kofin kafin in sha. To irin wannan mutum ne farfesan da ke duba aikina ya ɗora wa tambayar ko bas mai tuƙa kanta za ta iya taimaka wa ci gaba mai ɗorewa a birane irin namu. In kun cire manyan kalmomin, abin da ake tambaya shi ne ko motar da babu direba za ta rage hayaƙi da haɗari, ta ɗauki talaka a farashin da zai iya, ba tare da an cinye rabon jikokinmu ba.

Akwai wani kamfani da ke gwajin irin wannan bas a wata unguwar ofisoshi da ke bayan gari, ba zan ambaci sunansa ba. Sun ba ni izinin in riƙa hawa ina rubuta abin da na gani, da sharaɗin in an gama kundin za a ba su kwafi. Motar kanta 'yar ƙarama ce, fara fat, gabanta da bayanta iri ɗaya, ba sitiyari ba kujerar direba. Da lantarki take tafiya, ba ƙara ba hayaƙi, tana lallaɓawa kamar sabuwar amarya. Ranar farko na yi mamaki, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta burge ni. Sai dai a bakin ƙofa akwai wani dattijo a tsaye sanye da rigar kamfani, da wata na'ura a hannunsa irin wadda Sadiƙu ke wasan ƙwallo da ita a talabijin. An ce mini mai kula da lafiyar fasinja ne kawai, doka ce ta sa dole a ajiye shi. Sauran masu binciken, 'yan samari da 'yan mata masu kwamfuta a cinya, sukan wuce shi su je su zauna a baya suna kallon allo. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar wuce dattijo ba, na yi masa sallama na tambaye shi iyali da aiki, na zauna a kujerar da ke kusa da shi.

Shi ne Pak Din. "Pak" a wurinsu kamar mu ce Baba ne, shi kuma yana kirana Cikgu, wato malami. Ya yi sama da shekara talatin yana tuƙa manyan bas-bas na cikin birnin, har gwiwa ta fara ba shi matsala aka sallame shi. Wannan aikin na kwantiragi ne, ana sabunta shi duk shekara, kuma shi da kansa ya ce mini shi ne na ƙarshe, don a shekarunsa babu wanda zai sake ɗaukarsa. Autarsa tana makarantar koyon aikin jinya, saura mata shekara biyu. Da ya ji ni ɗan direba ne, har na yi kwandasta, sai ya yi dariyar da na fara ganin haƙoransa. Daga nan muka riƙa yin Azahar tare a ɗan masallacin wurin, mu tsallaka shagon mamak, wato wurin abincin Indiyawa Musulmi, mu ci gurasarsu da ake kira roti mu sha shayin nan mai kumfa da suke zubawa daga sama. Duk yadda na kai ga saurin sa hannu a aljihu, yakan riga ni, ya ce baƙo ba ya ciyar da mai gari.

Saboda kusa da shi nake zama, na ga abin da na baya ba su gani ba. Babban yatsansa ba ya hutawa. In mai babur ya kutso ta gefe, irin kutsen da 'yan Kuala Lumpur suka ƙware a kai, sai in ga yatsan ya motsa. In reshen bishiya ya sunkuyo bayan ruwa, motar takan ƙame a tsakiyar titi tana ɗaukarsa mutum ne, sai yatsan ya motsa. In aka kece da ruwan yamma kuwa, wanda a garin nan kusan kullum sai an yi, idanun motar sukan rikice, shi ne zai lallaɓa da ita har tasha. Da wuya mu yi zagaye ɗaya bai sa hannu ba. Amma duk ƙarshen mako kamfanin kan aiko mini da rahoto, in duba in ga an rubuta motar ta yi tafiyarta kusan ba tare da taimakon mutum ba. Na zargi idona, na zargi lissafina, na koma na sake hawa. Rahoton nan da abin da nake gani suka ƙi haɗuwa.

Wata rana bayan Azahar na tambaye shi kai tsaye. Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya bayyana mini cewa motar tana da jan maɓalli, in aka danna shi ne kawai na'ura ke rubuta cewa mutum ya karɓi tuƙi. Amma an faɗa musu da baki, ba a rubuce ba, cewa kada su riƙa taɓa jan maɓallin sai in rai na cikin haɗari, su yi amfani da na'urar hannun, wadda asalinta don shigar da mota gareji aka yi ta, ita kuma ba ta shiga rahoto. Su huɗu ne masu wannan aiki, kuma duk haka suke yi. Da ya gama sai ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce:

"Cikgu, ka rubuta abin da idonka ya gani, wannan haƙƙinka ne. Amma kada sunana ya fito ko'ina. Ni ba ni da wata ƙofar bayan wannan."

Na ce masa: "Pak Din, na yi maka alkawari. Ko farfesana ba zai ji sunanka daga bakina ba."

A gida kuwa ba a bar ni na huta ba, don mahaifiyarku ba ta gefena a wannan magana. Kun san ƙaninta Nasiru a hanyar Kaduna ya rasu, direban da ya ɗauko su ya kwana biyu bai runtsa ba, gyangyaɗi ya kwashe shi. Duk lokacin da na fara kushe motar a kan tabarmar cin abinci, sai ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce ita dai ta san na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya, ba ta tsere da 'yar'uwarta don ta riga ta ɗaukar fasinja. Ta ce jirgin ƙasan cikin gari, MRT, da nake hawa kullum daga Cheras ba shi da direba, kuma ba ta taɓa jin na dawo ina ƙorafi ba. Na ce jirgi yana da layinsa shi kaɗai, babu babur babu akuya babu mai tallan gyaɗa. Ta ce to a yi wa bas ɗin ma layinta. Na ce in har za a iya yi wa bas layinta, a gyara titi, a samu wutar da ba ta ɗaukewa, ai an gama rabin aikin, ko da direba ko babu. Ta ce wannan kuma son kai ne na ɗan direba. Ban ji daɗin maganar ba, amma na daɗe ina juya ta a raina, domin akwai gaskiya a ciki.

Abin da na rubuta a kundin, in taƙaita muku, bai kai zafin da Sadiƙu ke ba shi ba. Ban ce motar banza ba ce. Na ce rashin hayaƙinta daga lantarki ya zo, ba daga rashin direba ba, kuma bas mai lantarki da direba a ciki ita ma ba ta hayaƙi. Na ce ita wutar a tambayi da me ake samar da ita, kada a kori hayaƙi daga titi a kai shi bayan gari a ce an yi tsabta. Na ce 'yar motar da ke ɗaukar mutanen da ba su cika zaure ba, ba za ta kwashe jama'ar da ke tsaye a tasha da safe ba. Sannan na yi babi guda a kan ayyukan direba da babu wanda ya taɓa rubuta masa su a takardar ɗaukar aiki: jiran tsohuwar da ya hango a madubi tana sauri, tashin wanda barci ya kwashe kafin ya wuce unguwarsu, sanin titin da ke cika da ruwa, tsawatar wa saurayin da ke matse yarinya. Kakanku ya yi duk waɗannan, Pak Din ma haka. A ƙarshe na kawo maganar jan maɓalli da na'urar hannu, na ce duk ƙasar da za ta sayi motar nan bisa wannan rahoto, to ta sayi abin da ba ta gani ba.

Ana cikin haka sai Mista Goh, jami'in kamfanin da ke hulɗa da jami'armu, ya gayyace ni cin abinci a wani otal a Bukit Bintang. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ke sa ni in ƙara matse jakata. Ya ce suna shirin shiga Afirka, suna neman masani ɗan can wanda zai zauna a ofishinsu na Kuala Lumpur, da gida da makarantar yara da takardar zama ga iyali duka. Ya ce kuma wata tawaga daga wata jiha tamu ta arewa za ta zo ganin gwajin, zai yi kyau su ji daga bakin nasu. Bai ce in canza komai a kundina ba, ya fi ƙarfin haka. Cewa ya yi kawai yana fata binciken zai kasance mai kallon gaba.

Ranar da tawagar ta zo na je da wuri. An share titin, an datse rassan bishiyoyi, an ajiye masu gadi a kowace mahaɗa suna tare babura, kuma an sa tafiyar da hantsi, lokacin da ruwa bai cika sauka ba. Motar ta yi zagayenta lafiya lau, manyan baƙi suna ɗaukar bidiyo da wayoyinsu. Pak Din na tsaye a inda ya saba, ya sa hannayensa a baya yadda aka umarce shi, na'urar tana ɓoye a tafinsa. Wani daga cikin baƙin, mai babbar riga da ƙamshin turare, ya ja ni gefe ya ce mini da Hausa, "Dakta, kai dai ka sa mana albarka, sauran namu ne." Na tambaye shi titin da za su ɗora ta a kai, da abin da za su yi da direbobin da ke wannan layi. Ya yi dariya ya ce ashe har yanzu ban bar halin malaman makaranta ba.

Labarin tayin aikin ni na kai shi gida da bakina, kuma na yi nadamar saurin da na yi. Bizarmu a jikin karatuna take, ranar da karatu ya ƙare zama ya ƙare. Jidda, ke saura miki shekara ɗaya ki gama sakandare a makarantar da kike so, tare da ƙawayen da kike so. Kin yi tsalle a falo ranar, kina cewa, "Baba, boleh lah, ai zai yiwu, kawai ka karɓa." Mahaifiyarku ba ta yi tsalle ba, amma na ga ta fara tambayar maƙwabciyarmu unguwannin da suka fi kusa da makarantarku. Da na faɗa mata abin da karɓar ke nufi, cewa sai na sassauta babin jan maɓalli har ya zama ba ya cewa komai, sai ta daina tambayar unguwanni. Rana ta uku tana yankan albasa, ba ta ko juyo ba, ta ce:

"Malam, ni ban yarda da kai a kan motar nan ba, kuma har gobe ban yarda ba. Amma in abin da ka gani ke nan, kada ka rubuta wani abu daban saboda mu. Ba na so yaran nan su yi karatu da wannan."

Na rubuta wa Mista Goh wasiƙar godiya da ban haƙuri. Jidda ta yi mako guda ba ta yi mini magana da kowane harshe ba.

Yanzu ku ji yadda na kare Pak Din, don ku san ba sakaci na yi ba. A cikin kundin babu sunansa, babu shekarunsa, babu ranakun da na hau tare da shi. Na rarraba maganganunsa ta yadda za a ɗauka daga bakin mutum uku suka fito. Na daina zama kusa da shi, na riƙa hawa a lokutan sauran ma'aikatan don kada a ce kullum tare ake ganinmu. Littafin da nake rubutu a ciki da ajami na cika shi, don ko ya faɗi a hannun wani ya sha wahala. Ban yarda da injin buga takardu na ɗakin karatu ba, ban yarda da ɗalibin da muke ofis ɗaya ba, ban ma yarda da farfesana ba, mutumin kirki wanda bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Kwamitin jami'a ya duba babi-babi ya ce babu ta inda za a gane kowa. Na yi alfahari da wannan ƙwarai.

Shafin godiya shi ake rubutawa a ƙarshe, kuma babu kwamitin da ke duba shi. Wata safiyar Lahadi na zauna na yi shi, zuciyata fes, aiki ya ƙare. Na gode wa Allah, na yi wa iyayena addu'a, na ambaci malamin da ya koya mini karatun allo da wanda ya koya mini lissafi a firamare, da farfesana, da mahaifiyarku, da ku, har da matar da ke sayar mana da shinkafar kwakwa a ƙasan bene. Haka muke yi. A wurinmu ba ka cin abincin mutum wata da watanni, ya buɗe maka cikinsa, sannan ka zo lissafa mutanen arziki ka tsallake shi. Wannan butulci ne, kuma da kakanku na raye da shi zai fara tambayata ina sunan direban. Sai na rubuta: da Pak Din, ɗan'uwan mahaifina a sana'a, wanda ya koya mini abin da babu shi a littafi. Wallahi a lokacin ko kaɗan ban haɗa wannan layi da alkawarin da na yi ba. A kaina bincike daban, godiya daban, kamar yadda ɗakin karatu yake daban da zauren gaisuwa.

Jidda ce ta buga mini shafin a kwamfuta, don ta fi ni sauri, kuma lokacin ta fara saukowa daga fushi. Da ta kai wannan layi sai ta tsaya ta ce:

"Baba, wannan ba shi ne mutumin bas ɗin ba? Ka tabbata?"

Na ce mata: "Wannan godiya ce, ba bincike ba. Buga kawai."

Ta ɗaga kafaɗa ta buga. Jidda, ban taɓa ce miki kin yi gaskiya a ranar ba, to ga shi na rubuta.

An kai wa kamfanin kwafinsu kamar yadda aka yi sharaɗi. Ban sani ba ko Mista Goh ya karanta babin direba, ko na wutar lantarki, ina shakka. Irinsu ba su cika wuce shafukan farko ba, kuma godiya a shafukan farko take. Ma'aikata huɗu ne, an ga babin jan maɓalli, an ga sunan ɗaya daga cikinsu a gaban littafin da kalmomin yabo. Ba sai an kira boka ba. Bayan mako uku na je wurin gwajin don in yi sallama, na tarar da wani saurayi a bakin ƙofar motar riƙe da na'urar. Na tambaye shi Pak Din, ya ce ba a sabunta masa kwantiragi ba. Ba kora ba ce, in ji shi, wa'adi ne ya cika. Sauran ukun duk an sabunta musu. Na sauka a tasha ta gaba na zauna a kan benci. A nan ne layin nan ya dawo mini kalma bayan kalma, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da aka haife ni.

Na je wurin farfesana, ya rubuta musu wasiƙa, suka amsa da ladabi cewa sha'anin ma'aikata ne na cikin gida. Na nemi a cire shafin daga kwafin ɗakin karatu, aka cire, kamar hakan zai mayar da wani abu. Na je wurin Mista Goh da kaina, ni da na ƙi aikinsu, na zauna a ɗakin jira awa biyu, aka ce ya fita taro. Kundin kuwa ya samu yabo. Jihar nan tamu ba ta sayi motar ba, amma kada Sadiƙu ya ƙara wannan a labarinsa, don na ji daga baya cewa gwamnati ce ta canza, babu wanda ya buɗe kundina.

Sai da na yi kwana huɗu ina tara ƙarfin hali kafin na nemi gidansa. Wani tsohon bene ne marar lif, shi ma a ɓangaren Cheras, hawa na huɗu, kuma duk matakalar da na taka sai na tuna gwiwarsa. Bayan La'asar na isa. Ya buɗe ƙofa da zane ɗaure a ƙugu irin nasu, ya amsa sallamata, ya shigar da ni, matarsa ta kawo shayi da soyayyar ayaba. Ya tambaye ni mahaifiyarku da ku, ya taya ni murnar gama karatu. A kan tebur akwai takardun neman aikin gadi, ya jawo jarida ya rufe su. Na kasa shan shayin. Na faɗa masa komai, yadda na ɓoye shi a babi bakwai na tona shi a layi ɗaya, da dalilin da ya sa a wurinmu ba a tsallake sunan wanda ya yi maka alheri. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce an nuna masa shafin a ofis ranar da aka sallame shi, kuma ya ga na rubuta magana mai kyau. Sai na sauko daga kujera na durƙusa, da furfurata da digirina, na ce ya yafe mini.

Ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya mayar da ni kan kujera. Sannan ya ce:

"Cikgu, mu a nan muna da ranar wannan. Da ƙaramar Sallah kowa kan buɗe ƙofarsa, a zo a yi musabaha a nemi gafarar juna, na fili da na ɓoye. Ka zo mini ranar, kai da iyalinka, za a dafa abinci. Yau zuciyata ba ta kai can ba tukuna, kuma ba na so in faɗa maka abin da ba haka yake ba."

Na buɗe baki in ce masa bizarmu ba za ta kai Sallah ba, sai na ga ba ni da hurumin sa masa wa'adi. Na ce to, Allah ya kai mu. Ya rako ni har bakin matakala, yana dafa bango. Na sha tambayar kaina ko ya san ranar tafiyarmu, don na taɓa faɗa masa a shagon mamak watanni kafin nan. Ni da na zargi injin buga takardu, wannan ne abu ɗaya da na hana kaina bin diddiginsa.

Mun bar Kuala Lumpur saura kwana tara a ga watan azumi. Ranar Sallah, bayan an sauko daga Idi a Kano, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira lambarsa. Can wurinsu yamma ta yi, lokacin da gida ke cike da baƙi. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, ta sake katsewa, ku kuma kuna tsakar gida kuna kirana in fito a ɗauki hoto.